Cinikin rigar mama a Nima: Igiya mai ƙulli biyu da masu sayen bayan magariba

Daga wakiliyarmu a Akra

Duk wanda ya san unguwar Nima da ke birnin Akra ya san cewa ranar Laraba ba ranar sauri ba ce, domin kuwa ita ce ranar da kasuwa ke ci. Tun da asubar fari manyan motoci ke sauke buhunan albasa da wake da gero da barkono a bakin babban titin da ya ratsa unguwar, masu koko da ƙosai suna gefe, 'yan mata 'yan dako da ake kira kayayo na ɗauke da manyan kwanoni a ka suna roƙon a ba su hanya, su kuma direbobin trotro na ta danna oda kamar su kaɗai ne ke da wurin zuwa. Can cikin wani lungu, inda hayaniyar ta ɗan lafa, akwai rumfar wata Hajiya da ta shafe shekaru masu yawa tana sayar da rigar mama, wato abin da wasu ke kira rigar nono ko bireziya, mutanen Gana kuma suke cewa bodis.

Nakan leƙa wannan rumfa saboda shirin farashin kaya da nake gabatarwa a rediyo, kuma Hajiya ta yarda in ba da labarin da ke tafe bisa sharaɗin ba zan ambaci sunanta ko in kwatanta rumfarta ba. Wata Laraba bayan an idar da sallar magariba, tana cikin tattara kaya ina zaune a kan benci, sai ga wata doguwa sanye da dogon hijabi da takunkumin fuska, irin wanda aka saba gani tun zamanin korona. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta miƙo wata igiya da aka ƙulle a wuri biyu, ta ce 'yar uwarta ce ta aiko ta, wai a ba ta wadda za ta yi daidai da wannan awo.

Hajiya ta karɓi igiyar ta shimfiɗa a kan tef ɗin tela. Ƙulli na farko ya tsaya a kan inci 38, na biyu a kan 39. Ta dubi igiyar, ta dubi hannun da ya miƙo ta, ta kuma ji muryar. Ni ma na gani, na kuma ji. Abin da Hajiya ta yi shi ne ta jawo kujera ta ce, 'yata zauna, sannan ta juya ta shiga tonon wani buhu da ke can ƙarshen rumfa. Ta fi minti ashirin tana tono kafin ta fito da guda biyu. Ta faɗi kuɗin da take faɗa wa kowa, ta naɗe su a baƙar leda, ta ce idan ba su yi wa mai su daidai ba a dawo da su kafin Laraba mai zuwa. Babu 'yar uwar da ta aiko kowa, mu uku duk mun san haka, kuma babu wadda ta ce uffan.

Abin da lamba da harafi ke nufi

Kafin in koma kan wannan baƙuwa, bari in tsaya a kan igiyar, domin na lura da yawa daga cikin masu sarin wannan kaya daga Akra zuwa Aflawo, ko daga Lome da Kwatano zuwa Maraɗi da Jibiya da Illela, suna sayarwa ne da ido kawai. Mai saye ta ɗora rigar a kan tufafinta, mai sayarwa ta ce ta yi, shi ke nan an gama ciniki. Bayan kwana biyu kafaɗa ta yi ciwo, ƙarfe ya soki haƙarƙari, sai a ce kayan ne ba su da kyau.

A jikin kowace rigar mama akwai lamba da harafi, misali 34B. Lambar ita ce kewayen ƙirji daga ƙarƙashin mama, inda ɗamarar rigar ke zama. Harafin kuma girman kofi ne, kuma ana samo shi ne daga bambancin da ke tsakanin wancan awo da awon da aka yi ta kan tudun mama. Bambancin inci 1 shi ne A, inci 2 B, inci 3 C, inci 4 D, inci 5 kuma kayan Ingila kan rubuta DD. Ke nan igiyar da aka kawo wa Hajiya, mai tazarar inci ɗaya tak tsakanin ƙulli da ƙulli, tana neman 38A. Akwai tsohuwar hanyar lissafi da ke ƙara inci 4 ko 5 a kan awon ƙasa, wadda ta samo asali tun lokacin da yadin ba ya miƙewa, kuma har yau wasu kamfanoni da ita suke aiki. Shi ya sa Hajiya ba ta dogara da takardar da ke jikin riga. Takan ja ɗamarar da hannu ta gwada da igiyar, musamman idan ta gwanjo ce wadda robarta ta riga ta saki.

Inda 'yan kasuwar kan iyaka suka fi tafka asara shi ne wajen bambancin lambobin ƙasashe. Abin da Ingila da Amurka ke kira 34, shi ne Jamus da Turkiyya da akasarin kayan Caina ke rubuta wa 75, Faransa kuma ta rubuta 90. Haka 36 yake 80 yake kuma 95, sannan 38 shi ne 85, a Faransa kuma 100. Wato a kan lambar Turai Faransa na ƙara 15. Wadda ta saro kaya a Lome ta ga 90 ta ɗauka na manyan mata ne, sai ta je Bawku ko Ƙonni ta tarar na 'yan mata ta kwaso. Bugu da ƙari, harafi ba ya tsayawa shi kaɗai, domin kofin 34C da na 36B da na 32D duk girmansu ɗaya, ɗamarar ce ta bambanta. Mai sayarwar da ta san wannan ba ta cika mayar da mai saye hannu rabbana ba.

Sauran kuwa sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗamara ce ke ɗaukar nauyi, aikin igiyoyin kafaɗa kaɗan ne, saboda haka idan bayan rigar na hawa sama zuwa wuya to ɗamarar ta yi yawa. Sabuwar riga a maƙale ta a ƙugiyar da ta fi sako-sako, domin idan roba ta saki a samu wurin matsawa. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin ɗamara. Tsakiyar rigar ta kwanta a kan ƙashin ƙirji, ƙarfen kuma ya kewaye mama daga ƙasa, kada ya hau kansa. Ni dai da aka saya mini ta farko babu wanda ya auna ni. Innata ce ta dawo daga Makola ta jefo mini ita a kan gado ba tare da ta dube ni ba, na yi shekara guda ina ɗaure ta da fil.

Daga dila zuwa rumfa

Kayan Hajiya iri biyu ne. Akwai sababbi 'yan Caina da Turkiyya, waɗanda ake sarowa dozin-dozin a Makola ko a Lome, yawancinsu daga yankin Shantou na lardin Guangdong inda masana'antun wannan kaya suka taru. Akwai kuma na gwanjo, waɗanda mutanen Gana ke yi wa laƙabi da obroni wawu, wato kayan Baturen da ya mutu, kuma cibiyarsu ita ce kasuwar Kantamanto da ke tsakiyar Akra. Ƙungiyar Or Foundation, wadda ke aiki a cikin kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa Kantamanto a kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Dila ɗaya takan kai kilo 55, kuma a ka 'yan kayayo ke ɗaukarta. Mai fasa dila caca take yi, domin ba ta san abin da ke ciki ba sai an yanke ƙarfen ɗaurin.

A bisa doka ma bai kamata a ga kayan ciki na gwanjo a kasuwa ba. Tun 1994 Gana ta hana shigo da su saboda dalilan lafiya, sai dai dokar ta yi barci har zuwa watan Fabrairun 2011 lokacin da hukumar kula da ingancin kaya ta ce za ta fara aiwatar da ita, tare da hana tsofaffin katifu da hankici. Duk mai shiga kasuwa ya san ba su ɓace ba, saboda mata da yawa sun yi imani cewa ta gwanjo 'yar Ingila ta fi sabuwa 'yar Caina ƙarko, kuma a cikinta ake samun lambobin da babu su a dozin. Gobarar da ta tashi a Kantamanto a farkon ranar 2 ga Janairun 2025, wadda ta cinye dubban rumfuna, ta sa kayan sun yi wuya na tsawon watanni, har masu ƙananan rumfuna irin na Nima da Mamobi suka ji a jikinsu.

Matsalar ita ce, ko dozin ko dila, kayan na taruwa ne a tsakiya: 34B, 36B, 36C, 38C. Mai faɗin ƙirji da ƙaramin kofi, irin 38A ko 40A, sai an tona. Masu sari ba sa son su domin suna kwantai. Wannan ne ya sa Hajiya ke da wancan buhu na ƙarshen rumfa, inda take jefa duk lambar da ba kasafai ake nema ba.

Su wa ke zuwa bayan magariba?

A cewar Hajiya, masu jiran duhu kafin su zo rumfarta kashi uku ne. Na farko yarinya ce da ta fara girma, ba ta da uwa a kusa ko kuma tana jin kunyar uwar, ta tara kuɗin tallanta ta zo a ɓoye. Na biyu matar da aka yanke wa mama ɗaya saboda ciwon daji. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 sama da mata 4,000 ne suka kamu da ciwon dajin mama a Gana, kuma da yawa ba sa isa Korle Bu ko asibitin Komfo Anokye na Kumashi sai ciwon ya yi nisa, inda yankewa ke zama dole. Irin waɗannan mata akwai riga ta musamman da ake yi musu mai aljihu a cikin kofi, amma tana da tsada kuma ba a cika samunta a kasuwa ba, sai Hajiya ta ba tela ta ɗinka aljihun a cusa soso mai laushi.

Kashi na uku su ne irin baƙuwar da na gani, kuma su ne 'yan kasuwa ke magana a kansu da raɗa. Mutanen kudancin Gana kan ce Kojo Besia ga namijin da ke da ɗabi'un mata, mu kuma a Zango kalmar da muka gada daga ƙasar Hausa ita ce ɗan daudu. Babu Bahaushen da zai ce bai san su ba. Duk fataken da ya taɓa sauka a tasha a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya ci soyayyar kazarsu da tuwonsu, kuma an daɗe ana ganinsu a wuraren biki da wasan bori. Wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya kuma rubuta littafi a kansu mai suna Allah Made Us, wato Allah ne Ya yi mu, wanda ya fito a 2009. Daga cikin abin da ya nuna akwai cewa da yawansu maza suke ɗaukar kansu, suna aure suna haihuwa, suna zuwa aikin hajji, ko da yake a tsakaninsu sukan kira juna da sunayen mata.

Abin lura a nan shi ne, muna cusa mutane iri-iri a cikin kalma ɗaya. Akwai ɗan daudu mai ɗaura zane a wajen girki, idan ya tashi fita ya sa babbar riga da hula. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fito fili ba, kuma wannan malaman fiƙihu sun daɗe da saninsa da sunan khunsa, har ma littafin Mukhtasar na Shehu Khalil da ake karantawa a zaurukanmu da hukuncin gadonsa ya rufe, inda ya lissafa fitowar gemu ko mama cikin alamomin da ake dubawa. Akwai kuma wanda aka haifa namiji amma tun yarinta yake jin shi mace ne, yake son ya rayu a matsayin mace dare da rana, abin da yanzu ake kira sauya jinsi. A Gana akwai mawaƙiya Angel Maxine da ta fito fili ta ce ita haka take. Baƙuwar Hajiya, bisa ga alama, cikin waɗannan na ƙarshe take, kuma na kira ta da ita ne a wannan rubutu domin haka mai rumfar ta kira ta.

Dalilin da ya sa awonsu ke ba da wahala a bayyane yake. Jikin da ya balaga a matsayin namiji yakan yi faɗin haƙarƙari da kafaɗa, kuma mama idan ya fito yakan zauna nesa da juna. Likitoci sun ce wadda ke shan maganin sinadarin mata, wato istirojin, mama kan fara tasowa cikin wata 3 zuwa 6, ya ci gaba har shekara 2 zuwa 3. Wani bincike da likitoci a ƙasar Holan suka jagoranta a kan mutum 229, wanda aka buga a 2018, ya gano cewa bayan shekara guda ana shan maganin, kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai ya kai kofin A ko fiye. Ke nan babbar ɗamara da ƙaramin kofi, lambar da dila ba ta cika kawowa ba. Dabarar da masu sana'ar ke yi ita ce su ba da mai laushi marar ƙarfe, ko irin ta 'yan wasan motsa jiki, ko su ɗauki 36 su ƙara mata 'yar ƙugiyar tsawaita ɗamara, sannan a guji mai kofi mai tauri domin takan bar rami a sama. Kuma tunda jikin na canjawa, sayen da yawa a tashin farko asarar kuɗi ce.

A nan akwai abin da ya fi awo muhimmanci, kuma ina roƙon masu sayar da magunguna a kasuwanninmu su saurara. Saboda tsoron zuwa asibiti, wasu kan sayi ƙwayoyin tsarin iyali a kemis su riƙa sha barkatai domin mama ya fito. Sinadarin da ke cikin yawancin waɗannan ƙwayoyi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, wanda kan iya toshe huhu ya kashe mutum farat ɗaya, musamman mai shan taba, shi ya sa likitoci suka daina amfani da shi a wannan fanni. Allurar mai ko silikon da wasu ke yi a ɗaki kuwa ta fi wannan muni. Haka nan mayukan ƙara girman mama da ake tallatawa a bakin tasha, waɗanda matan aure ma ke ruguguwar saye, babu wata hujjar likita da ta nuna suna aiki. Sannan a sani cewa akwai maza da yawa da mama ke fito musu ba tare da sun nema ba, saboda balaga ko ƙiba ko tsufa ko wasu magunguna, su ma sukan zo neman rigar da za ta danne ƙirji. Wanda ya ga namiji a irin wannan rumfa ya yanke masa hukunci, yana iya ɗaukar alhakin marar lafiya.

Doka da abin da ke faruwa a lungu

Me ya sa sai bayan magariba, da takunkumi, da ƙaryar 'yar uwa? Amsar tana cikin abin da ya faru a wannan unguwa tamu. A watan Agustan 2015 wasu matasa 'yan banga da ke kiran kansu Safety Empire sun yi wa wani saurayi dukan kawo wuƙa a Nima bisa zargin yana neman maza, suka ɗauki abin a waya suka watsa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta kawo labarin a rahoton da ta fitar kan Gana a watan Janairun 2018. A 2021 an rufe wata cibiya da masu fafutukar kare irin waɗannan mutane suka buɗe a Akra, makonni kaɗan da buɗe ta, kuma a watan Mayun shekarar aka kama mutum 21 a garin Ho suna taro, daga baya kotu ta sallame su.

Sashe na 104 na dokar manyan laifuka ta Gana ta 1960 ya haramta saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, da hukuncin da kan kai ɗaurin shekara 3, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a watan Yulin 2024. Sashen bai ce komai ba game da tufafi ko sayar da su. A 2021 ɗan majalisa Sam George na mazaɓar Ningo-Prampram da wasu abokan aikinsa suka gabatar da ƙuduri mai tsauri, wanda shugabannin coci da ofishin Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, suka goyi bayansa. Majalisa ta amince da shi ranar 28 ga Fabrairun 2024, ma'aikatar kuɗi ta yi gargaɗin cewa ƙasar na iya rasa dala biliyan 3.8 daga Bankin Duniya, Shugaba Nana Akufo-Addo kuma bai sa masa hannu ba har ya sauka a watan Janairun 2025. A cikin 2025 wasu 'yan majalisa suka sake gabatar da shi.

Masu ƙetara iyaka zuwa Nijeriya sun san can abin ya fi zafi. Tun da jihohin Arewa suka ƙaddamar da shari'a, daga Zamfara a 1999 zuwa Kano a 2000, 'yan daudu da yawa suka bar sana'ar abinci a fili ko suka canja gari. A watan Agustan 2007 an kama mutum 18 a wani otal a Bauchi, tuhumar da aka yi musu a kotun shari'a daga baya ta koma kan shigar mata. A watan Janairun 2014 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya mai hukuncin ɗaurin shekara 14.

Ni ba malama ba ce, kuma ban zo in halatta abin da addini ya hana ba. Duk ɗan makarantar allo ya ji hadisin da ya tsine wa maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza. Amma malaman da suka yi sharhi, irin su Imam Nawawi, sun bambanta wanda aka halitta da wannan ɗabi'a ba da yin kansa ba da wanda ya ƙirƙire ta da gangan. Kuma waɗannan littattafai su ne suka zo da falalar rufa wa Musulmi asiri, suka hana bin diddigin mutane, suka bar hukunci a hannun alƙali. Ban taɓa jin malamin da ya ce a tara matasa a yi wa mutum tsirara a bakin kwata a ɗauka a waya ba.

Na zagaya wasu rumfunan na ji ra'ayoyi. Akwai waɗanda suka ce ba za su sayar ba, domin a ganinsu taimakawa ne a kan saɓo, kuma wannan haƙƙinsu ne, kaya nasu ne. Akwai waɗanda ke sayarwa amma su ninka kuɗin, saboda sun san mai sayen ba ta da bakin yin ciniki, ba ta kuma iya dawo da kaya. Akwai kuma waɗanda za su karɓi kuɗin da hannun dama, kafin mai sayen ta kai bakin titi labari ya zaga layi, wani lokaci har da hoto. Na farko ban da ja da su. Na biyu cuta ce a fili, ko wa aka yi wa. Na uku kuwa su ne suka fi ba ni tsoro, domin baki shi ke yanka wuya, kuma a nan Nima mun ga inda irin wannan tsegumi ke kaiwa. Ko ta fuskar kasuwa ma, matar da aka yanke wa mama da yarinyar da ta zo a ɓoye suna kallon yadda ake yi da wasu, kuma rumfar da aka san ana tona asiri a cikinta ba za su taka ta ba.

Da na tambayi Hajiya ko ba ta tsoron abin da maƙwabta za su ce, sai ta nuna mini cewa shekarun da ta yi tana auna ƙirjin mata sun sa ta san cikin da aka ɓoye, da dukan miji, da ƙullutun da ta tura mai shi asibiti, kuma babu ɗaya da ya taɓa fita daga rumfarta. A wajenta wannan ma ɗaya ne daga ciki. Ta ce ita ba ta tambayi baƙuwar ko wace ce ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba, amma ta gaya mata ta riƙa biyowa ta bayan layin masu hatsi, inda samari ba sa zama.

Laraba ta zagayo na koma. Hajiya ta ce an dawo da ɗaya daga cikin biyun, wai ƙarfen na sukar ta a gefe, ta musanya mata da mai laushi, ta kuma sa tela ta ƙara ƙugiya biyu a ɗamarar. A wannan karon baƙuwar ta yarda an auna ta a bayan labule, inda aka tarar ƙullin farko ya zarce da kusan inci guda, saboda ta auna kanta ne a tsaye ita kaɗai igiyar na zamewa ta baya. Igiyar na nan rataye a jikin ƙusa kusa da tef, kuma a cikin takardar sautun da Hajiya ta ba mai zuwa Lome na ga ta rubuta 100A guda uku.